Lensi mai faɗi don hoton fili da sarari: wanne ya dace da ƙasar Kano?

Wani ƙanena da muke zuwa ɗaukar biki tare ya same ni a shago ranar wata Asabar, waya a hannu, yana nuna mini hotunan duwatsu da tafkuna na ƙasashen Turai. Ya ce, "Yaya, irin wannan nake so in fara ɗauka. An ce sai da lensi mai faɗi. In sayi 14 ne ko 16?" Na ce ya jawo benci ya zauna, don ba tambayar da za a amsa a tsaye ba ce. Ni ma na taɓa yi wa kaina ita, na amsa da garaje, aljihuna ya ji a jikinsa.

Shekarun baya ne. Na tara kuɗin aikin Sallah ƙarama da babba, na sayi lensi mai milimita 14, irin wanda ake saita shi da hannu, gilashinsa na gaba ya turo waje kamar bayan ƙoƙo. Washegari ana idar da sallar asuba na nufi Dutsen Dala, ina ji a raina yau zan kwashe birnin Kano kaf in zuba a hoto ɗaya. Na kwashe ɗin kuwa. Da na duba bayan kyamara, rabin hoton sama ce fara fat, ɗaya rabin rufin kwano ne birjik kamar an baza tsakuwa. Goron Dutse, wanda idona ke gani ƙato a yamma, ya koma kamar shurin gara. Hasumiyoyin Babban Masallaci sai da na matso da hoton sannan na gane su. Lensin bai yi laifin komai ba, abin da aka ƙera shi ya yi shi ya yi. Ni ne ban yi lissafi ba.

Ga lissafin. Lambar da ke jikin lensi, 14 ko 24 ko 50, ita ke yanke girman da abu zai yi a cikin hoto, kuma miƙaƙƙen lissafi ne: ka raba lambar biyu, komai ya ragu da rabi. Bishiyar da ta cika tsayin hoto a 50, in ka tsaya a wurin ka sa 24 rabin tsayin za ta ci, a 14 kuwa ba za ta kai kashi ɗaya cikin uku ba. Abin da ake ba ka a madadin wannan asarar shi ne faɗi. A kyamara mai babbar sensa (sensa ita ce fallen da ke karɓar hoto a cikin kyamara), wadda 'yan sana'a ke cewa ful-firem, lensin 35 yana ɗebo wajen digiri 54 daga hagu zuwa dama, 24 yana ɗebo 74, 20 yana ɗebo 84, 16 yana ɗebo 97, shi kuma 14 ya kai 104. Kar ƙarancin tazarar lambobin ya yaudare ka. Tsakanin 200 da 202 ba abin da ido zai gani, amma tsakanin 14 da 16 da bambanci, tsakanin 16 da 24 kuwa kamar ka canja wurin tsayuwa ne.

Hotunan da ƙanena ya nuna mini an ɗauke su ne a inda dutse ke tashi sama ya tare rabin sararin samaniya. A irin wannan wuri ko ka ƙanƙantar da dutsen yana nan da kwarjininsa. Mu ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Daga Kano ka bi hanyar Haɗeja ko ta Katsina, abin da za ka gani gona ce, da kuka jefi-jefi, da giginya, da layi miƙaƙƙe inda ƙasa ta haɗu da sama. Ga shi daga Disamba zuwa Fabrairu hazo na shafe duk abin da ya yi nisa. Ka sa lensi mai tsananin faɗi a nan, ka tsaya ƙiƙam ka danna, siririn zare za ka samu a tsakiya, da fanko a samansa da ƙasansa.

Lensi mai faɗi da abin da ke gindin ƙafarka yake aiki. Yana kumbura na kusa, ya tura na nesa can baya. Shi ya sa ranar da na fara jin daɗin wancan 14 ɗin ba a kan dutse ba ne, a marinar Ƙofar Mata ne, bayan na gaisa da masu wurin na nemi izini. Na durƙusa har kyamarar ta kusa taɓa bakin rijiyar baba, rijiyar ta cika ƙasan hoton da shuɗinta mai kumfa, sauran rijiyoyin suka jeru suna ƙanƙancewa har bango. Haka a dam ɗin Tiga da rani, lokacin da ruwa ya ja baya ya bar taɓo ya tsattsage: ka sauke kyamara ƙasa-ƙasa, tsagun nan su zama hanyoyi masu jan ido zuwa ruwa. Kwalekwalen masunta a bakin dam ɗin Challawa a Ƙaraye, damin gero da kaka, kunyoyin gona bayan huɗa, layukan shinkafa a Kadawa, duwatsun wajen Rano da za ka iya jingina da su, duk irin abincin wannan lensi ne. Sharaɗin ɗaya ne, sai ka yarda ka matsa kusa, wani lokaci taku ɗaya ko biyu, kuma sai ka yarda gwiwar wandonka ta yi datti.

Akwai lokaci guda da sama ita kanta ke zama abin ɗauka, wato damina. Ranar da hadari ya haɗo daga gabas a watan Yuli ko Agusta, ya yi gangami baƙi ƙirin, rana kuma tana yamma tana haska koren gona, to a nan 16 yana fanshe kuɗinsa, har 14 ma ba ya yin yawa. Amma ka lissafa irin waɗannan ranaku nawa ne a shekara, kuma a cikinsu nawa ne za su same ka a bayan gari da kyamara a hannu.

Kafin mu kai ga sunayen kaya na karɓi wayar ƙanena na nuna masa gwajin da ba a biyan ko kwabo. Yawancin wayoyin yanzu idonsu na ainihi yana daidai da 24 zuwa 26 a lissafin babbar sensa, wanda aka rubuta wa 0.5 kuma yana tsakanin 13 da 16, gwargwadon wayar. Ka yi sati biyu kana zuwa wuraren da kake sha'awa, kana ɗaukar kowane wuri da duka biyun. Ka dawo ka ware waɗanda suka burge ka. In mafi yawansu daga idon ainihi suka fito, ka gane ba tsananin faɗi kake buƙata ba.

Sai kuma tambayar da ya kamata a fara da ita tun farko: wace kyamara ce a hannunka? Yawancin masu hoto a garin nan da ƙaramar sensa suka fara, irin Canon 600D, 700D, 80D, ko Nikon D3300, D5300, D7100. A waɗannan, lambar jikin lensi sai an ninka ta kafin a san faɗinta na gaskiya, Canon da 1.6, Nikon da Sony da Fujifilm da 1.5. Wato 18-55 ɗin da ya zo da kyamararka, a 18 yana daidai da 29 a Canon, 27 a Nikon. Wanda ya ji ana yabon 16-35 ya je ya saka shi a kan 700D, ya biya kuɗin faɗi ya tashi da 26-56, abin da kaɗan ya fi lensin da yake da shi faɗi. Na ga an yi wannan sayayyar fiye da sau ɗaya. Mai ƙaramar sensa lensin da ya fara daga 10 ko 11 zai nema.

A ɓangaren Canon, biyu ne ke fafatawa. EF-S 10-18mm f/4.5-5.6 IS STM ya fito a 2014 a kan dala 300, nauyinsa giram 240, yana karɓar filta mai lamba 67, kuma yana da na'urar rage girgizar hannu. Yana daidai da 16-29. Jikinsa roba ne har gindin da ke shiga kyamara, shi ya sa wasu ke raina shi. Yayansa, EF-S 10-22mm f/3.5-4.5 na 2004, ya fi shi ƙwari da nauyi, giram 385, gindin ƙarfe, ƙofar haskensa ta ɗan fi buɗewa (lambar f ce ke nuna ta, ƙaramar lamba babbar ƙofa), kuma yana kaiwa daidai da 35, abin da ke rage yawan cire lensi. Amma ba shi da maganin girgiza, kuma in an tsuke su duka zuwa f/8 ba na jin akwai wanda zai ware hoton wannan daga na wancan. Ni ƙaramin zan ɗauka in riƙe canjina.

Na Nikon da ya yi daidai da shi shi ne AF-P DX 10-20mm f/4.5-5.6G VR na 2017, giram 230, filta 72. A nan akwai rami, kuma masu sayarwa ba kullum suke sani ba. Lensin da aka rubuta wa AF-P ba ya saituwa a kan tsofaffin kyamarori irin D90, D7000, D3100, D3200 da D5100. Ba wai saitin kai-da-kai kawai ke ƙi ba, ko da hannu ka murza ba zai motsa ba, domin zoben nasa da lantarki yake aiki. D3300 da D5300 suna karɓarsa bayan an sabunta manhajarsu, D3400, D5600 da D7500 kuwa ba matsala. Ka je da kyamararka, ka ɗaura ka gani da idonka.

Sai Tokina 11-16mm f/2.8, wanda 'yan bidiyo ke so. Ƙarfe ne, ya haura rabin kilo, filta 77, kuma ƙofarsa a buɗe take f/2.8 daga farko har ƙarshe. Rauninsa biyu ne. Zum ɗinsa, wato tazarar da yake murzuwa daga 11 zuwa 16, gajere ne ƙwarai, kusan lensi mai lamba ɗaya ne da ɗan ƙari. Na biyu, ba ya son a sa rana a gabansa, sai ka ga ɗigo-ɗigon kore da dishi-dishi sun ɓata hoton, kuma a Kano rana ba baƙuwa ba ce. Mai Nikon D3000 ko D5000 da danginsu ya lura, samfurin farko ba shi da injin saiti a cikinsa, sai wanda aka rubuta wa DX II. Sigma 10-20mm ma yana yawo a kasuwar na hannu, iri biyu ne, f/4-5.6 da f/3.5. Yana aiki, sai dai a gwada shi da kyau kafin a biya.

Wannan ya kawo mu inda aka fi zubar da kuɗi a banza, wato zancen f/2.8. A sana'ar biki mun saba cewa ƙaramar lamba ita ce daraja, don tana narkar da bayan amarya, tana kuma ceton mutum a zauren taro in wuta ta yi rauni. Hoton fili akasin haka yake so. Kana so tsakuwar gabanka da bishiyar can nesa duk su fito tar, don haka a f/8 ko f/11 za ka wuni. Lensi mai faɗi kuma yana da kyauta a nan: a 16 kan babbar sensa, in ka sa f/8 ka saita a kan abin da ke nisan mita ɗaya da ɗan ɗoriya, komai daga wajen rabin mita har ƙarshen gani zai fito. A 24 sai ka saita a kusan mita biyu da rabi. Kar kuma ka zarce zuwa f/22 da sunan neman ƙari, daga f/16 hoto ke fara dushewa, a ƙaramar sensa ma tun kafin nan.

To dubi farashin wannan ƙofa da ba za ka buɗe ba. Canon EF 16-35mm f/4L IS ya fito a 2014 a kan dala 1,199, giram 615, filta 77. EF 16-35mm f/2.8L III ya biyo baya a 2016 a kan dala 2,199, giram 790, filta 82, kuma ba shi da maganin girgiza. Dala dubu ɗaya a kan ninki biyu na haske. Farashin kasuwar yau yana bin dala ne da sa'ar mai saye, amma tazarar tana nan. Ga mai 6D ko 5D, masu babbar sensa, da fili ne gabansa, f/4 ɗin nan shi ne zaɓina ba tare da dogon tunani ba, gefunansa tsaf suke. Wanda aljihunsa bai kai ba akwai EF 17-40mm f/4L na 2003, wanda ya yi araha a kasuwar na hannu. Kusurwoyin hotonsa suna da laushi, wato ba sa fitowa tar, a f/4, sai an kai shi f/8 ko f/11 suke daidaituwa, amma ai can ɗin za ka zauna. Da babu gara ba daɗi, kuma wannan ya wuce ba daɗi.

Masu Nikon D610, D750 da D810 suna da gwarzo da ake ta ambato, AF-S 14-24mm f/2.8G na 2007. Kaifinsa ba gardama. Amma kusan kilo ɗaya ne, gabansa a kumbure, ba a ɗaura masa filtar murzawa. AF-S 16-35mm f/4G VR na 2010 yana karɓar filta 77, sai dai yana lanƙwasa layi sosai a 16. Wanda ba a cika zancensa ba shi ne AF-S 18-35mm f/3.5-4.5G na 2013, giram 385 kacal, filta 77, mai sauƙin kuɗi, mai kaifi. Ga ƙasa irin tamu, inda 18 ya isa faɗi a mafi yawan ranaku, shi nake nuna wa mutane su kuma suna kallona kamar na rage musu daraja.

Na daɗe a kan zancen filta saboda ƙura. Wanda bai taɓa ɗaukar hoto a bayan gari da hunturu ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Ƙurar nan laushi gare ta kamar garin fulawa, amma akwai yashi a cikinta, in ka goge gilashi da gefen riga ka karce shi. Lensin da ke karɓar filta, sai ka ɗaura masa farar filta mai kyau, ita ta sha wahalar, in ta lalace ka canja. Canon ma sun faɗa cewa kariyar ƙura da ruwa ta 17-40 da 16-35 f/4 ba ta cika sai an ɗaura filta a gaba. Mai kumburarren gaba tsirara yake yawo. Filtocinsa manyan falle ne masu faɗin milimita 150 da maƙalinsu na daban, ga tsada ga wahalar samu a nan. In kana son ruwan da ke kwarara daga dam ya fito sumul kamar madara, sai da baƙar filta ta ND, wadda ke ba ka damar barin shota, wato marufin da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe daƙiƙoƙi da rana tsaka. A zoben 67 ko 77 wannan abu ne mai sauƙi.

Filtar CPL, mai kashe ƙyallin ruwa da ganye, tana da kyau a gonar shinkafa da bakin tafki. Amma kar ka dogara da ita wajen shuɗanta sama a lensi mai faɗi. Ƙarfinta yana bin kusurwar da ke tsakaninka da rana, shi kuma 16 yana ɗebo sama mai faɗin da ya wuce kusurwa ɗaya, sai ka ga wani ɓangare ya yi duhu kamar tabon shuni, wani ya yi fari. Daga 24 zuwa sama abin yana raguwa. Hazo kuwa ba filtar da ke maganinsa.

Ƙurar ce kuma ta sa nake ba sabon shiga shawarar zum maimakon lensi mai lamba ɗaya, duk da cewa zuciyata na wajen na biyun. Duk lokacin da ka cire lensi a fili ka buɗe wa ƙura ƙofa zuwa sensa. A hoton biki da ake ɗauka a f/2 ba za ka ga komai ba. Ranar da ka tsuke zuwa f/11 ka ɗauki sama, sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe su fito kamar kashin ƙuda, ka kwana kana gogewa a kwamfuta. Zum ɗaya da zai kai ka daga 16 zuwa 35 yana nufin ka ɗaura tun daga gida ba ka cire ba sai ka dawo. In zum ɗin a ciki yake motsi, jikin lensin ba ya tsawo ba ya gajarta, ya fi, don ba ya zuƙar iska kamar zugazugi. Tamron 17-28mm f/2.8 na masu Sony, wanda ya fito a 2019, irin wannan ne, giram 420, filta 67.

Amma in aka ce in riƙe lensi ɗaya tak, 20mm f/1.8 zan riƙe. Nikon suna da shi tun 2014, giram 355. Sony suka fitar da nasu a 2020, giram 373. Digiri 84 faɗi ne da ke ba na kusa girma ba tare da ya mayar da na nesa ƙwayar gero ba, kuma ba ya miƙe gefuna yadda 14 ke yi. Sannan shi ne lensin dare. f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki biyar na f/4. In ka fita can inda fitilun birni ba sa kaiwa, a daren da ba wata, bayan ɗaukewar ruwa a Oktoba ko Nuwamba kafin hazo ya sauko, ka kafa kyamara a gindin kuka, Kaza da 'Ya'yanta na tasowa daga gabas, a nan za ka san abin da ka saya. Tsohuwar ƙa'ida ita ce a raba 500 da lambar lensi don sanin daƙiƙoƙin da za a bar shota kafin taurari su fara jan wutsiya, wato 25 a lensin 20. Da kyamarorin yanzu ni ba na wuce 15. Taurari da zauren biki su ne dalilai biyu na gaskiya na biyan kuɗin babbar ƙofa. Mai ƙaramar sensa da ke son dare, a nan Tokina ke shiga gaban 10-18. Mai Sony a6000 da danginta kuma yana da Sigma 16mm f/1.4, wanda ke daidai da 24.

Tun da na ambaci biki: in kana shirin lensin nan ya yi maka aiki biyu, ka kiyaye gefuna. Duk wanda ya faɗo a gefen hoto a 16 sai ya yi faɗi, kansa ya miƙe. Ka sa gwaggon amarya a nan, ka ji abin da za a faɗa maka. Gini ma haka. Ka tsaya gaban Gidan Makama ko Ƙofar Kudu ka ɗaga kyamara sama don zanko ya shiga, bangon zai kwanta baya kamar zai faɗi. Maganinsa ka riƙe kyamara a miƙe, ka ja baya, ka yanke ƙasan daga bisani. Lanƙwasar layin ƙasa da sama kuma manhajar gyaran hoto ta Lightroom na gyara ta da dannawa ɗaya in ya san lensin.

Masu kyamara marar madubi ba su da wahalar zaɓi sosai. Nikon Z 14-30mm f/4 S na 2019 ya kai 14 kuma yana karɓar filta 82, nauyinsa giram 485. Canon suna da RF 16mm f/2.8, ɗan mitsitsi mai giram 165, da RF-S 10-18mm na masu R50 da R10. Da adafta kuma tsofaffin EF da na Nikon F masu injin saiti suna aiki a sababbin kyamarori, don haka lensin babbar sensa da ka saya yau ba zai zama asara gobe ba. Na ƙaramar sensa ne ke da iyaka: EF-S na Canon ba ya ma shiga 5D ko 6D, DX na Nikon kuma yana shiga D750 amma hoton ya ragu daga megafiksel 24 zuwa wajen 10.

Shi kuma hoton birni daga kan Dala, wanda ya ja ni asara, daga baya da lensin 50 na same shi. Na juya kyamara a tsaye, na ɗauki hoto bakwai ina juyawa a hankali, kowanne ya hau kan na baya da kashi ɗaya cikin uku, na ɗinke su a kwamfuta. Faɗin ya fito, Goron Dutse kuma ya fito da girmansa. Abin da ba ya motsi, kuma ba shi da wani abu a kusa, ɗinki ya fi lensi mai faɗi yi masa adalci. Sai dai a tuna, daga kan dutsen nan tsakar gidajen mutane ake hangowa. Ba kowane abin da lensi ya iya jawowa ne ya halatta a ɗauka ba.

Yawancinmu na hannu za mu saya, ko wajen ɗan sana'a da ke sabunta kaya, ko a aiko daga Legas. Ka haska tocilar waya ta bayan lensin ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, kuma kayan da suka zauna a gari mai laima sun fi kamuwa da ita. Ka duba zoben filta, in ya lotsa lensin ya taɓa faɗuwa. Sannan gwajin da ya fi duka muhimmanci ga lensi mai faɗi: ka fito waje, ka buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, ka saita a kan wani abu mai nisa kamar eriyar waya, ka ɗauke shi sau huɗu, kowane karo a wata kusurwa ta hoton, ba tare da ka sake taɓa saitin ba. Ka matso da su ka kwatanta. In kusurwoyin huɗu laushinsu ɗaya ne, halin lensin ne. In ɗaya ta fi sauran dushewa, gilasan ciki sun goce, kuma gyaran wannan ba abin da za ka samu a sauƙaƙe ba ne. Mai kaya zai ce maka, "Oga, ai ba wanda zai lura." A hoton fuska gaskiyarsa ne. A hoton fili gefen hagu na gonar ne zai tafi.

Ƙanena 700D ke hannunsa. Ya so Tokina saboda nauyinsa a hannu da f/2.8 ɗin da ke jiki, na tambaye shi sau nawa ya taɓa kwana a daji don taurari, ya yi dariya. Ya sayi 10-18 na hannu, ragowar kuɗin ya sayi ƙafa uku ta ɗora kyamara, mai ƙarfi wadda iska ba ta kaɗawa, da farar filta, da robar hura ƙura. A ƙarshen Oktoba muka tafi Tiga, muka isa kafin rana ta fito, don a nan hasken safe ba ya jira, da ta ɗago kaɗan ya yi fari. Da muka dawo muka zuba hotunan a kwamfuta, ya ware goma sha biyu da yake so. Na ce ya duba lambar da ya ɗauki kowanne. Biyu ne a 10, duka biyun kuma yana durƙushe gaban wani kwalekwale. Sauran goman tsakanin 13 da 16 suke, wato 21 zuwa 26 a lissafin babbar sensa.